Fortran: yadda aka fara koya wa kwamfuta jin maganar ɗan Adam

Wanda ke latsa wayar salula a yau zai yi wuya ya yarda cewa akwai lokacin da kwamfuta guda ke cika ɗaki, ba ta kuma jin komai sai lambobi. Haka IBM 704 take, wadda kamfanin IBM na Amurka ya gabatar a 1954. Mai son ba ta aiki sai ya rubuta umarni ɗaya bayan ɗaya cikin alamomin na'urar, a huda su a kan katuna masu layi 80, a zuba mata. Kuskure ɗaya kan sa a sake bin layi, ga shi lokacin na'urar tsada gare shi.

A ƙarshen 1953 wani ma'aikacin IBM mai suna John Backus ya kai wa shugabansa shawara: a ƙirƙiro harshen da injiniya zai rubuta lissafinsa kusan yadda yake rubuta shi a allo, sannan wata manhaja ta yi tafinta, ta maida shi lambobin na'ura. Daga baya Backus ya ce ƙyuya ce ta tura shi, don ba ya son wahalar rubutun.

Gwanayen lokacin ba su yarda ba. A ganinsu abin da na'ura ta fassara ba zai yi saurin na hannun gwani ba, kuma in ya yi nawa, babu mai saye. Wannan ne ya ci wa ƙungiyar Backus kusan shekara 3. Sau da yawa da dare suke aiki, lokacin da na'urar ta samu sarari. Mace ɗaya ce a cikinsu, Lois Haibt.

A watan Afrilun 1957 Fortran ya fito. Ma'aikatan wata cibiyar Westinghouse kusa da Pittsburgh sun ba da labarin yadda tarin katuna ya iso musu ba ko takardar bayani. Suka yi zaton Fortran ne, suka gwada. Na'urar ta nuna musu wurin da suka manta waƙafi. Suka gyara, lissafi ya fito. Saurinsa ya yi kusa da na hannu, masu shakka suka yi shiru.

Bayansa sai COBOL ya biyo a 1959 don bankuna da ofisoshi, bisa tubalin aikin Grace Hopper. Backus ya samu kyautar Turing a 1977, ya rasu a 2007.

Harshen nasa kuwa yana nan da rai. Da yawa daga cikin manyan manhajojin hasashen yanayi na duniya da Fortran aka rubuta su. Idan ka ji rediyo na faɗin yadda damina za ta kasance, akwai hannun waɗancan masu kwana da katuna a ciki.