Gasar motocin ɗalibai: gudu kaɗai ba ya kawo kofi

Duk shekara, lokacin da damina ta yi tsakiya a nan wajenmu, ɗalibai masu karatun injiniya daga jami'o'in duniya kan hallara a filin tsere na Silverstone a Ingila da na Hockenheim a Jamus, kowace ƙungiya da ƴar motar da ta ƙera da hannunta. Kujera ɗaya ce tal, ta direba, babu rufi balle wurin kaya. An soma gasar a jihar Texas ta Amurka a 1981 da sunan Formula SAE, Ingila ta ɗauka a 1998, Jamus ta biyo baya a 2006.

Masu sayar da kayan gyaran babur ba za su yi baƙunta ba, domin yawancin masu amfani da fetur injin babban babur suke ɗorawa, irin na Honda ko Yamaha. Sai dai doka ta shaƙe shi: duk iskar da zai zuƙa dole ta bi ta wata kafa mai faɗin milimita 20, wato kamar kaurin babban yatsa.

Abin da ya fi jan hankalinmu, ƴan uwa ƴan kasuwa, shi ne rabon maki. A dokar Amurka maki 1000 ne, amma 325 ana raba su ne mota tana tsaye. Zane da ƙira na da 150. Lissafin kuɗi na da 100, inda ɗalibai za su kawo takarda su bayyana abin da kowane ƙarfe ya ci, har noti da kusa da ladan walda, alƙalai kuma su bi motar suna dubawa. Abin da aka manta ba a rubuta ba, a rage maki. Sauran 75 na talla ne: su tsaya gaban alƙalai kamar gaban mai jari, su gamsar da shi cewa kuɗinsa ba zai nutse ba. A ganinmu, wanda ya taɓa neman ubangida ya ba shi kaya bashi ya san wannan jarrabawa.

Kafin a bar mota ta taka fili, sai an karkatar da ita an ga ba ta kife ba, kuma direba ya nuna zai iya fitowa cikin daƙiƙa 5.

Tseren juriya shi ne mai karya zuciya. Kilomita 22 ne, a tsakiya a kashe injin, a sauya direba, sannan motar ta tashi da kanta, babu turi. Da yawa nan suke ƙi, aikin shekara guda da maki 275 su tafi a gaban idon masu su.

Motocin lantarki sun shigo gasar Jamus a 2010. A 2023 ɗaliban Zurich da Lucerne na ƙasar Suwizalan suka kafa tarihi da tasu, wadda daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, a tazarar da ba ta kai mita 13 ba.