Yadda Waɗansu Malaman Kirista Ke Gyara Hali Da Littafinsu

A ƙasar Amurka akwai wata hanya ta ba da shawara wadda waɗansu malaman Kirista ke bi kadan mutum ya zo musu da abin da ya dame shi, kamar yawan fushi, ko shan giya, ko rashin jituwa da iyali. Na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwa ita, gama mu da mu ke koyon malanta, gyaran hali shi ne rabin aikinmu.

Wanda ya fi suna cikin wannan al'amari shi ne Jay Adams, malami a makarantar horon fastoci ta Westminster a birnin Filadelfiya. An haife shi a 1929, ya rasu a 2020. A zamaninsa fastoci da yawa sun saba tura masu damuwa wurin likitocin ƙwaƙwalwa, suna ganin abin ya fi ƙarfinsu. A 1965 Adams ya bi wani masanin halin ɗan Adam, Hobart Mowrer, suna aiki cikin asibitocin masu taɓin hankali. Abin da ya gani can ya sa ya ɗauka cewa da yawa daga waɗanda a ke kira marasa lafiya, laifin da su ka ɓoye ne ke cinsu. Sai a 1970 ya fitar da littafinsa, Competent to Counsel, inda ya ce Littafi Mai Tsarki ya ishi fasto wajen wannan aiki. Sunan hanyar kuwa ya ciro shi daga wata kalmar Helenanci mai ma'anar gargaɗi.

Matakanta huɗu ne, daga wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, sura 3, aya 16. Da fari a koya wa mutum abin da Littafin ya ce game da halin da ya ke ciki. Sa'an nan a tsawata masa har ya yarda laifi ne, ya bar ɗora wa iyayensa ko matarsa. Na uku gyara, watau ya tuba, ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa, ya mayar da abin da ya ci. Na huɗu horo, kuma nan ne aikin ya ke.

Dalili kuwa ga shi. Cikin wasiƙa zuwa ga Afisawa, sura 4, an kwatanta hali da riga, a tuɓe tsohuwa a sa sabuwa. Adams ya ce tuɓewa kaɗai ba ta isa ba. Alal misali, ɓarawon da ya kwana biyu bai yi sata ba, a wurinsa ɓarawo ne har yanzu, hutawa ya ke yi. Sai ran da ya kama sana'a da hannunsa, har ya fara ba mabukata daga guminsa, sa'an nan sunan ya fita daga kansa. Haka maƙaryaci, yin shiru bai raba shi da ƙarya ba, sai ya saba da faɗin gaskiya. Kowane mugun hali dole a nemo masa kishiya a dasa a gurbinsa, in ba haka ba ya sake tsirowa kamar ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Duk wanda ya taɓa hana yaro surutu cikin aji bai ba shi abin yi ba, ya san wannan magana.

Saboda haka ba a sallamar mutum hannu sake. A kan ba shi aikin gida kowane mako: ya karanta ayoyi kaza, ya rubuta lokatan da fushi ya kama shi da abin da ya jawo, ko ya zauna da matarsa su yi magana bisa ƙa'ida. Mako mai zuwa a duba. Adams ya ƙiyasta kamar mako shida kafin sabon hali ya zauna. Amma kada a zaci dabara ce kawai. A bangaskiyarsu Ruhu Mai Tsarki ne ke sāke zuciya, mai ba da shawara bawa ne kurum.

To, hanyar ba ta rasa masu suka ba, har cikin Kirista. Sun ce ta yi saurin kiran ciwo zunubi. A ganina sukan nan na da nauyi, domin wanda baƙin ciki mai tsanani ya kwantar, kadan aka ƙara masa da tsawa, sai a ninka masa kaya. Ko da ya ke Adams kansa ya kan tura mutum wurin likita in ya yi zaton cutar ta jiki ce, iyakar da ya ja ta yi ƙunci. Waɗanda su ka biyo bayansa, musamman David Powlison, wanda ya rasu a 2019, sun sassauta. Su kan fara da sauraron wahalar da mutum ya sha, su kuma binciki abin da zuciyarsa ke so har ya kai shi ga aikin, kafin a zo maganar gyara. Ƙungiyar da aka kafa a 1976 domin ba masu wannan aiki shaida ma ta sake suna a 2013, ta cire kalmar nan ta Helenanci, ta sa sunan Littafi Mai Tsarki a madadinta.