Ƙarin kaurin leɓe: Wace hanya ce ke warwaruwa idan aiki ya ɓaci?

Tun bayan da tauraruwar Amurka Kylie Jenner ta amsa a 2015 cewa allura aka yi mata a leɓe, tallar wannan kwalliya ta cika shafukan Instagram da TikTok, ta kuma iso asibitocin gyaran jiki a Legas da Abuja. Sai dai hanyoyin sun bambanta ƙwarai, kuma babban bambancinsu shi ne ko ana iya komawa baya.

Wadda aka fi yi ita ce allurar sinadarin hayaluronik, irin su Juvéderm da Restylane. Sinadari ne da jikin ɗan'adam ke da irinsa, don haka a hankali yake narkar da shi, galibi cikin wata 6 zuwa 12. Idan leɓen ya karkace ko ya yi ƙullutu, akwai wata allurar mai suna hayaluronides da ke narkar da shi. Haɗarinsa mafi muni shi ne ruwan ya shiga jijiyar jini ya toshe ta, fatar wurin ta mutu, a wasu lokuta ƙalilan har a makance. A nan ne likita ya sha bamban da mai shagon kwalliya: wanda bai ajiye maganin narkarwar kusa ba, bai kamata ya ɗauki sirinji ba.

Allurar Botox kuwa ba ta ƙara kauri. Tana sassauta tsokar leɓen sama ne ya ɗan juyo waje, kuma cikin wata 2 zuwa 3 tasirinta ya gushe.

Masu neman abin da zai daɗe suna da zaɓin a ɗebo kitsen cikinsu ko cinyarsu a zuba a leɓen, ko da yake jiki kan tsotse wani kaso, a dasa ɗan silikon mai laushi wanda kan iya gocewa, ko a yanke 'yar fatar ƙarƙashin hanci a ɗaga leɓen. Wannan na ƙarshen ba ya warwaruwa, kuma yana barin tabo.

Abin gudu shi ne ruwan silikon, domin yakan yi yawo cikin nama, cire shi sai da tiyata mai wuya. Haka alƙalamin da ke harba sinadari ba tare da allura ba, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kansa a Oktoban 2021. A wannan watan ne Ingila ta haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 allurar kwalliya.

A Najeriya, rajistar magunguna aikin NAFDAC ne, lasisin likitoci kuma yana hannun MDCN. Mai niyya na da haƙƙin ganin kwalin maganin da lambar rajistarsa, da lasisin mai allurar, kafin a taɓa fuskarta.