Farfaɗo da tsohuwar Peugeot 504: Ina ake samun kayan gyara, kuma me ya sa suke ƙarewa?

Da wuya a zaga tsofaffin unguwannin Kaduna, Kano ko Zariya ba a ga Peugeot 504 jingine a bakin katanga ba, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Wasu matasa na sha'awar tayar da irin waɗannan motoci, musamman waɗanda suka gada daga iyaye. Sai dai aikin ya fi ƙarfin fenti da wanki.

Me ya sa 504?

Kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa a 1968, ta kuma lashe kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 masana'antar PAN da ke Kaduna ta fara harhaɗa motoci, daga nan Fijo, kamar yadda jama'a ke kiranta, ta zama motar jami'an gwamnati da ta direbobin haya. Faransa ta daina ƙera ƙirar salun a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000.

Ƙarfinta na cikin sauƙinta. Babu kwamfuta a cikinta, kabireta ce ke raba mai, ƙafafun baya ne ke tura ta, kuma tana da tsayin da ke jure ramukan hanya.

Daga ina ake farawa?

Daga takardu. Lambar da ke jikin motar dole ta dace da ta takardar mallaka, in ba haka ba mutum zai kashe kuɗi a kan abin da ba zai iya hawa titi da shi ba.

Sai tsatsa. A duba ƙasan mota, gindin ƙofofi da cikin but. Injin da ya mutu ana iya tayar da shi, amma bodin da ya ruɓe yana cin walda da kuɗi ba iyaka. Bayan haka ne ake taɓa burki, lagireto, wayoyin wuta da duk wata roba da ta bushe. Fenti ne na ƙarshe.

Ina kayan suke?

Kasuwar Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas su ne wuraren da aka fi nufa. Kayan inji sun fi sauƙin samu, domin wasu 505 na amfani da injin lita biyu irin na 504. Wahalar na wajen fitilu na asali, madubai, allon mita da ƙarafan ado. Akasarinsu sai an kwance daga jikin wata motar da ta mutu, shi ya sa wasu ke sayen mota ta biyu don yanka kawai.

Akwai sababbin kaya na kwaikwayo masu araha, amma a kan burki da sitiyari arha ba ta ado. Ana iya yin oda daga Turai ta intanet, sai dai tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, duk abin da za a biya da kuɗin waje ya yi tsada.

Me ya sa suke ƙarewa?

Dalili na farko kasuwar ƙarfe ce. 'Yan jari bola na sayen matattun motoci, a sassare su a kai wa masu narkawa. Duk wadda aka narka ta tafi da kayan da za su rayar da wasu.

Na biyu, makanikan da suka san saita kabireta da kunne suna tsufa, yaran gareji kuwa sun koma motocin da ake gwadawa da na'ura.

Na uku ya shafi siyasar masana'antu. Shigowar motocin gwanjo da karyewar sayayyar gwamnati sun durƙusar da PAN, har hukumar AMCON ta karɓe ta a 2012 saboda bashi. Da layin 504 ya tsaya, masu kawo kayanta ma suka juya ga abin da ke tafiya a kasuwa.

Don haka wanda ke da 504 a tsakar gida yana da zaɓi biyu, kuma lokaci ba ya jiransa: ko ya sayar da ita a kilo, ko ya nemo tsohon makaniki ya duba ƙasanta tun kafin damina ta gaba ta ƙara cin ƙarfen.