Kaska, ɗumame da hayaƙin janareta: abubuwan da ke ɓuya a cikin hidimar Sallah

Rago na iya zama ƙosasshe, idonsa garau, yana cin dusa yana tunkuyi, alhali jininsa na ɗauke da zazzaɓin Kirimiya-Kwango. Kaska ce ke yaɗa wannan cuta, dabbar kuwa ba ta nuna alamar komai. An fara gano ta a yankin Kirimiya a 1944, aka sake cin karo da ita a Kwango a 1956, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce takan kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na mutanen da suka kamu. Shi ya sa hukumomi a Pakistan da Iraƙi ke ta gargaɗi da an doshi layya. Naman da ya dahu ba shi da matsala. Haɗarin yana wajen yanka da fiɗa, da kuma yaran nan da ke tsugunawa gefen rago suna ciro kaska daga kunnensa suna fasa ta da farce. A hana su, kuma mai fiɗa ya sa safar hannu.

A Turkiyya dubban mutane ke cika asibiti a ranar farko ta layya: wani ya yanke yatsa, wani sa ya hamɓare shi. Dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi zamewa, domin sai an danna ta da ƙarfi.

Ruwa lita ɗaya, in ya tafasa ya koma tururi, yakan cika wurin lita kusan 1,700. Dalilin ke nan da ya sa watsa ruwa a kaskon suyar da ya kama wuta ke tashi da man sama, ya fallatsa wa duk wanda ke kusa. A rufe kaskon da murfin ƙarfe, a janye itacen. Wanda ya ƙone kuma a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi har minti 20. Man goge baki da manja da ɗanyen ƙwai da ake shafawa ba sa maganin komai, sai ma ba likita wahalar wanke ciwon.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shinkafa. Kowa naman yake zargi in ciki ya ɓaci bayan Sallah, ita kuwa dafa-duka tana gefe ba wanda ya kula da ita. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke jure tafasa. In shinkafa ta huce ta kwana a tukunya, sai ƙwayar ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar, ko da tururi na tashi. Tsakanin maki 5 da 60 na ma'aunin zafi ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa, wasunsu na ninkuwa duk minti 20, wato guda ɗaya ta haura miliyan biyu cikin awa bakwai. A tuna da kular abincin da maƙwabta suka aiko tun hantsi, aka jera a ɗaki, ba a buɗe ba sai bayan isha'i. Ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje. Iyayenmu mata da ke soya nama har ya bushe ƙayau sun yi daidai, don ƙwayar cuta ba ta yaɗo inda babu laima. In gudawa ta riga ta kama yaro, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kafin a kai asibiti.

Kwalbar lemo ɗaya kan ƙunshi sukari kusan ƙaramin cokali tara. Yaro mai yawon Sallah yakan shiga gida biyar kafin la'asar, ko'ina kuma da kwalbarsa.

Masu bincike a Suwidin sun bi alƙaluman ƙasarsu na shekarun 1998 zuwa 2013, suka ga bugun zuciya na ƙaruwa da kashi 37 cikin ɗari a jajibirin Kirsimeti, ya fi tsanani wajen ƙarfe goma na dare, musamman ga tsofaffi da masu ciwon sukari. Biki ne daban da namu, amma cika ciki da gajiya da hayaniyar dangi duk ɗaya ne. Ciwon ƙirji ba a ce masa bari Sallah ta wuce.

A Japan kuwa, wani tuwon shinkafa mai danƙo da ake kira moci ne ke shaƙe tsofaffi duk sabuwar shekara, har 'yan kwana-kwana na Tokiyo ke roƙon a yanka shi ƙanana. Kaka da haƙora suka zube, da yaro ɗan yaye, su ma a daka musu soyayyen nama.

A hanyar zuwa gida Sallah ma, direban da ya yi awa 17 idonsa biyu, an gwada an ga hankalinsa na dushewa kamar na wanda ya ɗan sha giya. A gudun kilomita 100, mota na cin mita 28 a daƙiƙa guda, gyangyaɗi ɗaya ya isa. Fasinjan da zai je gida Sallah yana da ikon cewa, “Malam direba, don Allah mu ɗan tsaya ka huta.”

Sai janareta. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari, ba ta da launi, kuma jini na kama ta fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da ɗoriya. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, abin da kowa zai ɗauka gajiyar hidima ce ya je ya kwanta. Gida ya cika da baƙi, ana tsoron ɓarawo, sai a shigo da injin soro ko baranda a rufe ƙofa. Garwashin gawayin da aka gama gashi da shi ma haka yake in aka kai shi ɗaki. Wurinsu tsakar gida ne, a fili, nesa da tagar masu barci.