Mata Mu Yi Hattara Da Gobara, Hunturu Ya Kama

Ga shi dai kaka ta wuce, hunturu ya kankama. A nan ƙasar Funtuwa da Malumfashi, tun daga Bakori har Danja, daga Ƙafur zuwa Dandume, da wuya ki shiga gidan manomi ba ki tarar da dami a jingine ba. Masara ta cika rumbu, dawa tana jiran sussuka, an ɗora harawa bisa rufin ɗaki, an tsibe kara a bayan gida domin danga da girki. Wanda ya noma auduga kuwa ya cusa ta cikin buhuna ya jibge a zaure, yana jiran kuɗinta ya tashi. Watau wahalar shekara guda ke nan an tara ta wuri ɗaya, kuma duk abin nan da na lissafa babu wanda wuta ba ta marmarinsa. Ga iska busasshiya, wadda kan ɗauki tartsatsi daga wannan gida ta sauke shi a na gaba.

Dalilin da ya sa na kawo wannan magana a filinmu shi ne, mu mata mu ne ke hura wuta sau biyu ko uku kowace rana, kuma galibi mu ne ke gida tare da yara sa'ad da maigida ya tafi kasuwa ko gona. Idan abin ya faru, kafin namiji ya ji labari, kafin motar kwana-kwana ta taso, mace ce a wurin.

Yawancin gobarar gida ba daga wani abin mamaki take tasowa ba. Akwai kaskon garwashi da akan shiga da shi ɗaki saboda sanyi, a rufe ƙofa da taga, barci ya kwashe mutum. Wannan haɗarinsa biyu ne, domin ko bai kama katifa ba, gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, takan kashe mutane cikin barci. Akwai maganin sauro na kunnawa da akan ajiye dab da labule. Akwai hita da akan tsoma cikin bokitin roba, a ɗauke wuta, a manta ba a zare ta ba, sai cikin dare a maido wutar. Sa'an nan ga abin da ya fi ba ni tsoro: tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗinsa ya hau, wasu magidanta suka ɗauki ɗabi'ar ɓoye fetur cikin jarkoki a gida, wasu kuma 'ya'yansu ne 'yan bumburutu, da dare sai a shigo da ragowar a tura ƙarƙashin gado. 'Yar'uwa, fetur ba sai ya taɓa wuta yake kamawa ba. Tururinsa ne ke bin ƙasa har ya iske murhu ko fitila. Ki yi wa maigida magana cikin ladabi, amma kada ki gaji da yi, har sai an fitar da shi daga inda ake kwana.

To, a ce ta riga ta kama. Wuta abu uku take bukata, watau zafi, da abin da za ta ci, da iska. In kin raba ta da ɗaya ta mutu. Masu tuyar ƙosai da awara da ƙuli-ƙuli, ku saurara da kyau: idan mai ya kama a cikin kasko, kada a kuskura a watsa masa ruwa. Ruwa yakan nutse ƙarƙashin mai, nan take ya zama tururi, ya yi tsalle da man mai wuta ya fesa wa mace a fuska da ƙirji. Sai dai a janye itacen, ko a kashe gas, a kife faranti ko murfin ƙarfe a kai, a bar shi rufe har ya huce. Wutar lantarki ma ba a zuba mata ruwa sai an kashe ta daga inda ta shigo gida, don haka ya kamata kowace matar aure ta san inda makashin yake, kada ya zama maigida kaɗai ya sani. Idan kin ji warin gas, kada ki kyasta ashana, kada ki kunna ƙwan lantarki ko ki kashe shi. Rufe bakin tukunyar, buɗe ƙofofi da tagogi, ki fitar da yara waje.

Idan zani ko hijabi ya kama, gudu shi ne ke ƙara masa iska. A tsaya, a kwanta ƙasa, a yi ta birgima, na kusa kuma ya lulluɓe ta da bargo mai kauri. Yadin roba irin wanda muke yayi yanzu narkewa yake yi ya manne wa fata, saboda haka ba shi ne kayan shiga madafa ba. Wurin da ya ƙone kuwa a yi ta kwarara masa ruwan sanyi mai tsabta har kamar minti 20, a cire zobe da awarwaro tun kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a nufi asibiti. Manja da ɗanyen ƙwai da man goge baki da gishiri, waɗanda kowace maƙwabciya kan rugo da su, ba su warkar da ƙuna, sai dai su jawo ruɓa, su kuma wahalar da ma'aikatan asibiti wajen wankewa. In hayaƙi ya cika ɗaki a fita da rarrafe, domin iska mai kyau tana ƙasa. Wadda ta fita kuma kada ta koma don ɗauko akwati ko kwalla.

Yanzu bari mu zo kan 'yan kwana-kwana, mutanen da ba a tuna su sai ranar masifa, ranar kuma zagi ne ladansu. Kowa ya san abin da akan faɗa: sun zo a makare, sun zo babu ruwa. Ban ce ba a samun sakaci ba, amma mu yi musu adalci. Akwai hukumar kashe gobara ta Tarayya, wadda dokar 1963 ta kafa, amma nauyin garuruwanmu yana wuyan hukumar Jihar Katsina, ita kuwa ofisoshinta a manyan garuruwa suke. Tsakanin Funtuwa da Malumfashi kusan kilomita 50 ne, ƙauyukan da ke tsakani da na gefe kuwa wasu hanyarsu ko babur da ƙyar yake bi. Motar kwana-kwana ba kogi ba ce. Tanki ne take ɗauke da shi, in aka buɗe mesa sosai cikin 'yan mintoci ya ƙare. A biranen da aka tsara, akan kafa famfunan gobara a bakin titi inda mota za ta jona ta ci gaba da aiki. A nan, alhali ga dam ɗin Mairuwa kusa da Funtuwa, famfon gida ma sai a yi kwanaki bai zubo ba, don haka dole mota ta bar wuta tana ci ta tafi neman ruwa. Mai kallo sai ya ce gudu suka yi.

Irin wannan ƙarancin shi ake kuka da shi duk lokacin da babbar gobara ta tashi. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016, shaguna dubbai suka tafi. Babbar kasuwar Sakkwato ta kama a Janairun 2021, sa'an nan a watan Maris na wannan shekarar babbar kasuwar Katsina ta bi sahu. Waɗannan fa manyan birane ne da ke da motoci fiye da namu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san abin da aka ce ka yi wa naka.

Akwai laifin da yake namu ne, mu jama'a. Na farko, ba a kiransu da wuri. Sai an yi ta fama da bokitai, wuta ta haye rufi, sa'an nan wani ya tuna da su. Akwai lambar gaggawa ta ƙasa, 112, wadda ba a biyan kuɗin kiranta, amma abin da ya fi shi ne maigida ya je ofishinsu mafi kusa ya karɓo lambar wayarsu, a rubuta ta a bango inda kowa zai gani, domin a cikin ruɗewa mutum yakan manta ko lambar mijinsa. In kin kira, ki faɗi unguwa, da wata alama da kowa ya sani kamar masallaci ko makaranta, ki faɗi abin da ke ci, ko akwai mutum a ciki, ko akwai gas ko fetur. Sa'an nan a tura yaro mai hankali bakin titi ya tare su. Na biyu, lungunanmu. Kowa ya ƙara rumfa, ya ja dakali, ya kafa teburin sayar da kaya, har inda dā mota ke wucewa yanzu sai amalanke. Na uku, 'yan kallo. Mata da yara mukan cika hanya, matasa kuma kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, ana tattake mesa. Wani lokaci har jifa akan yi musu, a fasa gilashin motar da ita kaɗai gare mu, gobe in ta tashi a wata unguwa sai a rasa abin zuwa. Ba na ma son in ambaci masu fakewa da taimako suna wawashe kayan mutane.

Ga wata magana da ta shafe mu kai tsaye. Gidajenmu da yawa an rubuta "Ba Shiga" a zaure, kuma wannan mutunci ne da muke alfahari da shi. Amma ranar gobara a kan sami matan da za su tsaya neman mayafi, ko su ƙi fita don maigida ba ya nan bai ba da izini ba, maza kuma su yi cirko-cirko a ƙofar gida suna jin nauyin shiga. Wannan magana ce da ya kamata mata da miji su gama ta tun yau da ake zaune lafiya, ya faɗa da bakinsa cewa in wuta ta tashi a fita, a kuma bar masu taimako su shigo. Malamanmu sun sha faɗa cewa ceton rai yana gaba.

A matsayina na malamar makaranta, ba zan rufe ido a kan yara ba. A watan Afrilu na 2021 yara 20 suka mutu a Yamai sa'ad da ajujuwan zana suka kama wuta. A Nuwamban shekarar, a nan Maraɗi maƙwabtanmu, yara aƙalla 25 suka tafi ta wannan hanya. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu cikin dare a Ƙaura Namoda. Ajujuwanmu na bulo ne, amma ƙofa ɗaya gare su, tagogi an dame su da ƙarfe saboda ɓarayi, yara kuma sun yi wa ajin yawa. Iyaye mata, ranar taron iyaye da malamai ku tambayi hedimasta ko an taɓa koya wa yara yadda za su fita a layi ba turereniya. Masu 'ya'ya a makarantar kwana ku tambaya ko ana kulle ɗakin kwana daga waje, kuma wa ke riƙe da mabuɗi. Haka nan Funtuwa mahaɗar hanyoyi ce, tankokin mai na ratsa ta dare da rana zuwa Gusau da Sakkwato. A Majiya ta Jihar Jigawa, a Oktoban 2024, mutum fiye da 150 suka hallaka wajen kwasar man tankar da ta faɗi, a Dikko ta Jihar Neja kuma a Janairun 2025 fiye da 80. Ki ja kunnen ɗanki, in ya ga tanka ta faɗi ya juya ya yi nesa, ko da kowa ya ruga da jarka.

Kuɗin sayen mota da mesa da rigunan da wuta ba ta ci, da man da za a zuba, da albashin ma'aikata, duk daga kasafin gwamnatin jiha suke fitowa, kuma 'yan majalisar da muka zaɓa ne ke amincewa da shi. Mu ne ke yin dogon layi ranar zaɓe. In sun zo da atamfa da sabulu da taliya, babu laifi shugabar ƙungiyar mata ta miƙe ta tambaya: mota nawa ke aiki a ofishin kwana-kwana na yankinmu, kuma yaushe za a haƙa musu rijiyar burtsatse da tanki a bakin kasuwa? 'Yan kasuwar hatsi da na auduga su ma suna da ƙarfin da za su haɗa hannu su yi wannan. Mu kuma abin da ke hannunmu ba shi da tsada. Bokitin yashi a gefen madafa kyauta ne. Kwasar adashi ɗaya za ta sayi tukunyar kashe gobara irin mai hoda, a rataye ta inda hannu zai kai, a riƙa duba allurarta tana kan kore. In ƙungiya ta rubuta wa ofishin kwana-kwana, ana iya roƙonsu su turo wanda zai nuna yadda ake zare fil ɗinta a nufi gindin wuta, ba harshenta ba. Kara da harawa kuma a nisanta su da murhu, a kashe garwashi da ruwa kafin a kwanta, kada a binne shi cikin toka.

Wadda abin ya riga ya faɗa wa, in za mu je jaje kada mu je hannu sake, kada kuma mu dame ta da tambayar yadda aka yi. Ranar farko abin da take bukata shi ne zani, da tabarma, da bargon yara, da tukunya, da kwanon hatsi, da ɗakin da za ta kwana. Mai unguwa kuma ya rubuta abin da aka rasa ya kai ƙaramar hukuma, domin ta nan ne labari ke isa ga hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha.