Abin da ke sa mota cin taya bayan an rage mata tsayi

Rage wa mota tsayi ta yadda za ta matso kusa da kwalta al'ada ce da ta daɗe a tsakanin masu sha'awar motoci a Amurka da Japan da kuma Turai.

Sai dai da yawa daga cikin masu yin hakan kan koma wurin makanike bayan 'yan makonni, suna kukan cewa tayoyi sun suɗe ta gefe guda, ko sitiyari ya karkace, ko kuma motar tana buga ƙasa a kan kowane tudu.

Al'adar ta yi ƙarfi ne a yankin birnin Los Angeles bayan yaƙin duniya na biyu, a tsakanin matasa 'yan asalin Meziko. A ƙarshen shekarun 1950 jihar Kalifoniya ta haramta tuƙa motar da wani sashe na jikinta ya sauko ƙasa da bakin wilinta, kuma ba a soke wannan doka ba sai a farkon shekarar 2024.

A Japan doka ta buƙaci a bar ratar aƙalla santimita 9 tsakanin cikin mota da ƙasa. A Jamus kuwa dole kayan da za a saka su kasance masu takardar amincewa, kuma sau da yawa sai masu binciken motoci irin su TÜV sun duba aikin.

Abin da ke sauyawa

Akasarin sifirin da ake sayarwa don wannan aiki suna sauke mota ne da milimita 25 zuwa 40, wato bai fi kaurin yatsu biyu ba.

To amma taya ba a miƙe take hawa da sauka ba. Tana rataye ne da ƙarafa waɗanda ke juyawa a kan gaɓoɓinsu, kuma kamfanin da ya ƙera motar ya auna tsawonsu da kwanciyarsu ne bisa tsayin da ta fito da shi.

Da zarar an sauke jikin motar, waɗannan ƙarafa za su zauna a inda a da ba sa kaiwa sai an yi mata lodi mai nauyi. Daga nan ne kusurwoyin taya ke gocewa.

Kusurwa ta farko ita ce wadda makanikai ke kira kamba, wato yadda saman taya ke jingina ciki ko waje idan an dubi motar ta gaba. A yawancin motocin da aka sauke, saman tayar yakan jingina ciki, nauyi ya koma kan gefenta na ciki.

Ta biyu ita ce fuskar taya, wato ko gaban tayoyin biyu ya ɗan matso juna ko ya buɗe, kamar yadda mutum zai tsaya yatsun ƙafarsa suna kallon juna ko suna kallon waje.

Da yake kamba ce ido ke gani, ita ake yawan ɗora wa laifi. Amma a gaskiya fuskar taya ce ta fi ɓarna.

Idan taya ta kauce wa hanyar da mota ke bi da digiri ɗaya kacal, lissafi ya nuna cewa ana jan ta a kaikaice kimanin mita 17 a kowace kilomita guda. Wannan gurzar ce ke cinye roba, kamba kuwa tana zaɓar gefen da za a cinye ne kawai.

Ana iya bambance su da hannu. Idan aka shafa tafin hannu a kan fuskar tayar daga wannan gefe zuwa wancan aka ji santsi, da aka dawo kuma aka ji kaifi kamar haƙoran zarto, to matsalar fuskar taya ce. Idan kuwa gefen ciki ne kaɗai ya lashe sumul, kamba ce ta yi yawa.

Ƙara da girgiza

Motar da ke bugawa da ƙarfi a kan rami tana nuna cewa shokazoba ta rasa wurin motsi. Tazarar da aka rage daga tsayin motar an cire ta ne daga tazarar da shokazobar ke da ita kafin ta kai ƙarshe, don haka nan da nan take cin karo da robar da ke tare ta.

Haɗa gajeren sifirin mai tauri da tsohuwar shokazoba ya fi muni, domin ba za ta iya danne shi ba. Motar za ta riƙa tsalle, shokazobar kuma ta fara yoyon mai da wuri.

Akwai kuma wata matsala mai haɗari, inda sitiyari ke fizgewa da kansa idan taya guda ta hau tudu. Tana faruwa ne saboda tayarod, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, ya daina tafiya daidai da ƙarfen ƙasa da ke riƙe tayar. Wannan ba ta gyaruwa da alaimen kaɗai. Ko dai a ɗan ɗaga motar, ko a saka kayan da ke gyara kwanciyar tayarod ɗin.

Girgiza a lokacin da aka taka totur, musamman a motocin da ke ja da tayoyin gaba, takan fito ne daga darbin shaf wanda kusurwarsa ta sauya.

Wani kuskure da ake yi a gareji shi ne ɗaure notin bushin alhali motar tana kan jak, tayoyi na lilo. Idan aka sauke ta, robar bushin ɗin za ta zauna a murɗe, ta hana motar zama daidai, sannan ta yage ba da jimawa ba. Ƙa'ida ita ce a ɗaure su bayan nauyin motar ya hau kan tayoyinta.

Ta ina za a fara?

Kai mota alaimen kafin a duba sauran kayan asarar kuɗi ce.

Ana farawa ne da iskar tayoyi, sannan a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri a auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar wili da bakin madigadi a kusurwoyi huɗu. Idan hagu da dama sun bambanta sosai, mai yiwuwa wani sifirin bai zauna a gurbinsa ba, ko an saka na gaba a baya.

Bayan haka sai a girgiza kowace taya a duba boljoyin da kan tayarod da bushin. Na'urar alaimen ba ta iya daidaita abin da ke rawa.

Sabon sifirin yakan ƙara zama bayan 'yan kwanaki ana tafiya da shi. Saboda haka yana da kyau a gyara fuskar tayoyi a ranar da aka yi aikin, a koma cikakken alaimen na ƙafafu huɗu bayan mako guda ko biyu.

Motoci da dama ba su fito da wurin gyara kamba ba, sai an sayi noti na musamman ko ƙarfe mai tsawaita. Haka kuma sai an sake saita fitilun gaba, kuma a sababbin motoci har da kyamara da na'urorin da ke taimaka wa direba tsayawa a layinsa.

Yanke sifirin ko gasa shi da wuta don ya gajarta, kamar yadda wasu ke yi don gudun kashe kuɗi, ba shi da gyara. Zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen, wanda aka yanke kuma yana iya zamewa daga gurbinsa ana cikin gudu.

A Najeriya da Nijar batun ya fi shafar masu sayen motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje, domin wasunsu kan iso a sauke. A kan titunan da ke da ramuka da tudun rage gudu, salansa da kwanon baƙin mai na ƙarƙashin inji su ne ke fara shan duka.

Direbobi da yawa akasin haka ma suke yi, suna ƙara wa mota tsayi. Wannan ma yana gusar da kamba da fuskar taya daga inda aka saita su, kuma shi ma yana buƙatar a sake alaimen.